Sunan 'Yar Fari

Ƙarfe uku da minti ashirin na yammacin wata Talata, a watan Oktoba na shekarata ta farko a Greensboro, abin ya soma. Na riƙe lokacin ne domin a kan wannan mintin motar makaranta take tsayawa a bakin layinmu a Glenwood, ni kuwa tun uku da kwata nake tsayawa a kusurwa ina duba agogo. Yarinyar ta sauko da jakarta a baya, ta miƙo mini wata takarda ruwan ɗorawa, ta ce mini da Turanci malama ta ce a kai wa iyaye.

Zan rubuta sunanta a nan, don rubuta shi bai taɓa yi mini wuya ba. Na rubuta shi a takardar fasfo, da ta biza, da ta asibiti, da ta makaranta. Sunanta Rukayya. Shekararta biyar a lokacin. Ita ce 'yata ta fari, kuma sunan mahaifiyar maigidana aka sa mata. A Gwarzo inda na tashi, ko ɗaya daga cikin biyun nan ya isa ya rufe wa mace baki. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. In tana son ya zo sai ta ce “kai”, ko “ke”, ko ta aika a kira mata “yarinyar nan”. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma kowa ya san haka. Tun ranar yaye Inna, mahaifiyata, ta ɗauke ta. A ɗakin Inna ta yi wayo, a bayan Inna take barci, Inna ce ke ce mata “ƙawata”. Ni Yaya take ce mini, yadda ta ji ƙannena suna faɗa.

Ba da ita na yi niyyar zuwa ba. Na samu gurbin digiri na biyu a fannin tsara ɗakin karatu, kuma mun shirya ta zauna wurin Inna har in dawo. Saura wata huɗu in taso idon Inna ya fara lalacewa. Da farko zare ne ya ƙi shiga allura, daga baya har bakin rijiya ba ta gani sosai. Sai muka nemi biza mu uku. Aka ba ni, aka bai wa yarinyar, aka hana maigidana. Haka na samu kaina a ɗaki biyu na wani tsohon gidan katako, ni da yarinyar da rabona da kwana ɗaki ɗaya da ita tun tana shan nono.

Takardar daga Mis Elena ta fito, malamar da ke koya wa 'yan ƙananan aji Sifaniyanci da waƙa a haɗe. Abu huɗu ta roƙi iyaye su riƙa yi a gida. A bar yaro ya saurari harshen ko na minti goma ne a rana. A riƙa gaya masa sunayen kayan gida. A ba shi cokali da murfin tukunya ya koyi bin kiɗa. Na huɗun wata 'yar waƙar gaisuwa ce da malamar ta tsara da kanta: uwa ko uba zai rera yana tambayar ina wane, ya ambaci sunan yaron, yaron ya amsa ga shi nan. Ranar rufe makaranta a Disamba kowane yaro zai fito gaban aji da mahaifinsa ko mahaifiyarsa su rera ta tare.

Na karanta sau biyu ina tsaye a kicin. Na ɗauki biro na yi wa ukun farko alama. Na huɗun kuwa na ninke takardar a daidai kansa, na cusa ta cikin littafi.

Ukun nan na yi su fiye da yadda aka nema. Ni in aka ba ni aiki a rubuce hankalina yakan kwanta, magana ce take ba ni wuya, tun ina firamare haka nake. Ranar Asabar muka hau bas zuwa babbar tashar da ke tsakiyar gari, muka taka zuwa laburare, na aro kaset-kaset da littattafan yara masu hotuna. Na samo fararen katuna irin waɗanda muke koyon jera littattafai da su a jami'a. A kowane kati na rubuta kalma uku, na ja wa kowace layi da rula: ta Hausa a sama, ta Turanci a tsakiya, ta Sifaniyanci a ƙasa. Ƙofa ta samu nata, taga ta samu nata, firji, kujera, madubi, har buta. Butar nan ta wahalar da ni, sai da na kwana uku ina juya ƙamus kafin in samu abin da na ga ya yi kusa da ita. Da yamma mukan zaga gidan, ina nuna kati tana faɗa. Bakinta ya fi nawa saurin kamawa nesa ba kusa ba. In ta faɗa daidai in ce, “Yawwa.” In ta kuskure in ce, “Ke, sake.”

Lokacin ganyen itatuwa ya fara rinewa ja da rawaya yana zubewa. 'Yan ajinmu sai yaba kyan abin suke yi, ni kuwa gani nake kamar kwashe garin ake yi a hankali. Babu kiran salla, wata takarda ce a jikin firji take gaya mini lokaci. Daddawar da Inna ta ƙulle mini ina gutsurarta kaɗan-kaɗan kamar magani. Abin da ya fi damuna shirun gidan. A Gwarzo ko da rana tsaka akwai daka, akwai awaki, akwai rediyon maƙwabta. A nan in kaset ya ƙare, sai gurnanin firji.

Wata abokiyar karatuna ta ce in ina son abin kiɗa na yara in je Sedgefield da safiyar Asabar, masu hali sukan fito da tsofaffin kayansu ƙofar gida su yi gwanjonsu. Ba ta gaya mini unguwar ba ta masu tafiyar ƙasa ba ce. Bas ya sauke mu can nesa, muka kama gefen titi, babu wurin taka ƙafa sai jiƙaƙƙiyar ciyawa, motoci na wucewa ana leƙenmu. Da ƙafar yarinyar ta gaji na goya ta da mayafina, karo na farko tun yaye. Na ji ta kwantar da kuncinta a bayana. A wani gida mai kallon filin wasan golf muka tarar da wani dattijo mai fara'a, ga ɗan ƙaramin piyano mai aiki da batir a kan teburinsa. Ya ce na jikarsa ne, ko sau goma ba a taɓa shi ba. Ya danna da kansa ya yi mana kiɗa mai daɗi, yarinyar har da tsalle. Na so in ce ya bari in gwada kowane maɓalli, sai na ji nauyin furfurarsa. Sai da muka dawo gida na bi su ɗaya bayan ɗaya, na tarar uku a tsakiya ba sa ƙara. Ashe dattijon ya san inda yake sa yatsunsa.

Ban koma ba. Lupe ce ta fitar da mu. Gidan namu bangon katako ne ya raba shi biyu, ita ke ɗaya ɓangaren da 'ya'yanta uku. Mutuniyar Meziko ce, tana aikin wanki da guga a wani otal. Turancinta gutsi-gutsi ne, nawa kuma na littafi, amma mukan fahimci juna. Ta kwance bayan piyanon da wuƙar kicin, ta goge cikinsa da auduga, maɓalli biyu suka farfaɗo. Na ukun ya ƙi. Ta ce da yarinyar in ta zo kansa ta yi sautin da bakinta, ba wanda zai sani. Daga nan ta bi katunana ɗaya bayan ɗaya tana karantawa. Ta gyara mini biyu. Da ta zo na buta ta yi dariya har ta dafa bango, ta ce abin da na rubuta na bai wa furanni ruwa ne, me muke shukawa a banɗaki?

Daga ranar yarinyar ta samu wurin zuwa. In ina da aji da yamma Lupe ke tarar ta a bakin layi. Ta bangon nakan ji matar nan tana kiran 'ya'yanta tun safe, da faɗa, da wasa, da waƙa, kowa da sunansa, ta ja shi ta lanƙwasa shi yadda ta ga dama. Ba a yi sati biyu ba na fara jin suna na huɗu a ciki. Takan karkaɗa harafin farko a kan harshenta kamar mai gwada ganga. Akwai kuma wata kalma da take liƙa wa 'yarta mace, ta fara liƙa wa tawa: mija.

Wata ranar Lahadi ina yanka albasa, yarinyar na zaune a ƙasa da piyanonta, sai ta ce, “Yaya, mija fa? What is it da Hausa?”

Na ce, “'Yata ke nan.”

“Babu card ɗinsa.”

“Ai ba kayan gida ba ne.”

Ta danna maɓalli ɗaya ta daɗe a kansa. “Ke ba kya faɗa.”

Na ce ta tashi ta wanke hannu, abinci ya kusa.

Bayan kwana biyu muka fara zagayen katunanmu kamar kullum. Ƙofa, taga, firji, duk ta faɗa daidai. Da muka zo madubi sai ta tsaya, ta cire rigar sanyinta. A ƙirjin rigarta ta ciki akwai kati, ɗaya daga cikin nawa, manne da salatif. Ta rubuta sunanta sau uku, sama da tsakiya da ƙasa, da manyan baƙaƙe, ta ja wa kowanne layi yadda nake yi. “K” ɗin na ƙasa yana kallon baya.

Ta nuna katin da yatsa, irin nunin da nake yi mata. “Yanzu ke. Your turn.”

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sai na ga surukata a zuciyata zaune a kan dardumarta da carbi, ranar da na fara durƙusawa na gaishe ta ban iya ɗaga kai ba. Sunan ya ƙi fitowa. Abin da ya fito shi ne, “Ke, kin juya k ɗin.”

Ta dube ni. Ta ɓare katin a hankali don kada ya yage, ta shige ɗaki da shi.

Satin da ya biyo baya Mis Elena ta aiko tana son ganina. Na je bayan an tashi. Ta ba ni ɗaya daga cikin 'yan kujerun yara, gwiwoyina suka kusa taɓa haɓata. Yarinyar na can ƙarshen ajin tana jera kacau-kacau a kwando. Mis Elena matashiya ce mai sanyin murya. Ta fara da yabo, ta ce babu wanda ya kai yarinyar riƙe kalmomi a ajin, kuma kunnenta yana bin kiɗa tsaf, da gani ana ƙoƙari a gida. Sai dai in an zo waƙar gaisuwa ba ta amsawa. Da ta tambaye ta dalili, ta ce a gida ba a yi da ita, don Yayarta ba ta iya faɗin sunanta ba.

Sai ta ce, “Ki yi haƙuri da tambayar. Ke kika haife ta?”

Na ce ni na haife ta.

“To ko sunan ne yake da wuyar faɗa?”

Na zo da shirina. Tun a gida na san inda maganar za ta nufa, na buɗe ƙamus ɗin Hausa da Turanci da na taho da shi, na nemi “kunya”, na rubuta abin da ya ba ni a kati na sa a jaka. Kalmar farko da ya kawo ita ce shame. Na haɗa jimlata tsaf, babu kuskuren nahawu ko ɗaya. Na gaya mata a al'adarmu uwa takan zama ashamed da ɗanta na fari, shi ya sa ba ta kiran sunansa.

Fuskarta ta sauya. Ta maimaita kalmar tana dubana. Na ce e, haka ne. Sai na ji kacau-kacau ya yi shiru a bayana.

A nan na gane abin da na yi. Mu kunya biyu muke kira da suna ɗaya. Akwai ta wanda aka kama ya yi abin tir, akwai ta wanda abu ya yi masa girma a ido har ya kasa ɗaga kai ya dube shi. Kalmar da na ɗauko ta farkon kawai ta sani, kuma ita ce yarinyar take ji a makaranta in wani ya yi ƙarya ko ya ture ɗan'uwansa. Na yi ƙoƙarin gyarawa, na ce girmamawa ce, na ce sunan kakarta ne, Turancina ya watse mini. Mis Elena ta ce ta gane. Ba ta gane ba, don da zan fita ta miƙo mini wata takarda ta masu bai wa iyaye shawara. A cikin bas yarinyar ta zauna jikin taga, ta ajiye jakarta a tsakaninmu.

Daga ranar ta daina yi mini magana sai in dole. Tana cin abinci, tana tsayawa salla a gefena, in na nuna kati ta faɗa da murya irin ta mai karanta lambar mota. Piyanon ta kwashe shi ta kai ɓangaren Lupe. Na zaunar da ita na yi mata bayani da Hausa a hankali, na ce ba kunyar laifi ba ce, malamar ce ba ta fahimce ni ba. Ta saurara har na gama.

Ta ce, “To faɗa.”

Na kasa.

Ta ce, “Ni wurin Inna nake so.”

Na samo katin waya na kira maigidana a Kano. Da farko dariya ya yi, ya ce duk digirina ƙamus ya kayar da ni. Da ya ji ban taya shi ba sai ya daina.

“To ki riƙa ce mata Ummi mana, ko Mama, kamar yadda kowa ke yi.”

Na ce na gwada Ummi sau biyu, ta ce ba shi ne a katinta ba.

Ya ja numfashi. “In Mamana ba ta jin daɗin zaman, ki turo ta hutun Disamba. Yaya Hauwa za ta riƙe ta, ga makaranta kusa da su. Ke ki yi karatunki hankali kwance. Ba na son a mayar mini da yarinya bebiya a ƙasar mutane.”

Na ce to. Ban san me ya sa na ce to ba. Wata uku da suka wuce da an ce in bar ta a gida da na yi murna. Yanzu na san yadda take dunƙule hannu in tana barci, na san ba ta son gefen burodi, na san takan yi waƙa ƙasa-ƙasa in tana saka takalmi. Duk a wata ukun nan na sani, kuma ban gama sani ba.

Ranar Asabar na kai ta kitso wurin Hajiya Rabi, mutuniyar Maraɗi da ta daɗe a garin, wadda gidanta ne matattarar matanmu. Da aka gama yarinyar ta bi yaran gidan waje, na zayyana wa Hajiya komai ina kallon ƙasa.

Ta tafa hannu. “Ke Malama! Duk takardun nan da kike ci, kalma guda ta kada ki? Ni da ban yi lakwal ba, ban zauna aji ba ko wuni ɗaya, ban taɓa ce ma bature shem ba.”

“Hajiya, ke ya kika yi da naki na farin?”

“Patron nike ce mishi. Tun yana rarrafe. Ga shi nan ya yi gemu, har yau ya ɗauka girma nike ba shi.” Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Da ta ga idona sai ta gyara zama. “Bon. Ni ban ce miki ki kira ba, ban ce miki kar ki kira ba. Sunan uwar miji ba abin wasa ba ne. Amma in ɗiyar ta ƙi nan, bayan an rufe lakwal da kwana biyu ina tashi, kuma ta Kano zan bi. Ki ba ni ita in damƙa ma ubanta hannu da hannu. Ki yi tunani, kin jiya?”

Na yi tunani irin nawa, wato na ɗauko kati na fara rubuta kayan da za a sa mata a akwati. Riguna shida, takalma biyu, burushi, littafin hotunan da ta fi so. Na rubuta takardar izinin tafiya, na sake rubuta sunan nan da hannuna a kan layi, cikin sauƙi kamar kullum.

Amma ban daina gwadawa ba. A hawa na sama na laburaren jami'a akwai wani lungu na tsofaffin mujallu da ba mai zuwa. Can nakan je bayan aji in tsaya tsakanin kantoci in gwada. Na gano wani abu da ya ba ni haushi. In Rukayyar da muka yi sakandare tare nake nufi, sunan fitowa yake yi sumul, sau goma ma in na so. Da zarar na nufi tawa sai ya tsaya a “Ru”. Na gwada da ido rufe. Na gwada da karin waƙar Mis Elena. Wata rana wani mai shara ya leƙo ya tambaye ni ko lafiya.

Lupe ta ga akwatin a buɗe ta tambaya, na gaya mata iya abin da Turancinmu zai ɗauka. Ta kama hannuna da nata mai kaushin guga, ta ce in ina so ita za ta nemi hutun rabin rana ta je ta rera wa yarinyar, kada ta tsaya ita kaɗai a gaban aji. Na yi mata godiya, kuma da gaske nake. Da yammar nan ina dafa shinkafa na ji su ta bango suna gwaji. Lupe ta rera, ta ambaci sunan, sai na ji muryar yarinyar ta amsa da ƙarfi, da dariya a ciki, ga ta nan. Suka sake. Suka sake. Na tsaya da ludayi a hannu har shinkafar ta kama.

Saura kwana shida a rufe makaranta, da safiyar Asabar ƙarfe tara, lokacin ƙarfe uku ne a gida, na kankare sabon katin waya na kira wayar ƙanwata a Gwarzo. Sai a bugu na huɗu ta shiga. Ta kai wa Inna ɗaki. Na fara bai wa yarinyar. Daga inda nake tsaye na ji muryar Inna ta fito, “Ƙawata!” Hausar da na yi zaton ta fara zubewa sai ga ta tana kwarara: kitsonta, piyanonta mai haƙori ɗaya a mace, buta mai kati, da cewa tana nan tafe, Inna ta ajiye mata ƙanzo. Da ta gama ta miƙo mini wayar ba tare da ta dube ni ba, ta je ta zauna a bakin ƙofar ɗaki.

Na gaishe da Inna, na tambayi ido. Ta ce ido sai godiya.

“Me nake ji? Wai tahowa za ta yi?”

Na gaya mata tun daga takarda ruwan ɗorawa har akwati. Ban taɓa yi wa Inna magana mai tsawon haka ba. Tana ta cewa “uhm”, a bayanta ina jin tabarya da kukan akuya.

“Wace irin waƙa ce wannan?”

“Ta gaisuwa ce, Inna. Uwa ta ce ina wance, yarinya ta ce ga ni.”

“Shi ke nan waƙar?”

“Shi ke nan.”

“Lallai Turawa ba su da aikin yi.”

Muryar matar kamfanin katin waya ta shigo ta ce saura minti biyar. Ina jin shi ya sa na yi ƙarfin hali, don da na san akwai lokaci da na ci gaba da kewaye-kewaye.

Na ce, “Inna, ni ce ta farinki. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa jin sunana a bakinki ba, kuma ko rana ɗaya ban zaci ba kya so na ba. Ita me ya sa ta kasa ganewa? In turo ta ne kawai?”

Inna ta gyara murya.

“Ke, saurara. Ni ban kira sunanki ba don gidan nan cike yake da masu kira. Kakarki ta kira, gwaggonninki su kira, ƙawayenki su tsaya a zaure su kira. Ina cikin ɗaki ina ji, ina jin daɗina, ba wanda ya sani. Bar musu na yi, ba hana ki na yi ba. To ke a can wa kika bar wa? Surukarki ni zan sa a kai ni har gida in gaya mata, in haushi za ta ji ta ji da ni. Yarinyar tana kusa?”

“Tana bakin ƙofa.”

“To kada ki ajiye wayar. Kira ta, in ji.”